Matata Tana Yoyo

"...Lafiya lau, Kaka. Ya ƙarfin jiki? Au, yi haƙuri, na tambayi abin da babu."

"Lafiya ƙalau nake, sai dai ganinki da na yi tun ban karya ba. Wa ya aiko ki?"

"Kai ka ce a turo mai gyara."

"To ina yake? A bayanki yake tafe?"

A bakin tafkin ninƙaya na wani kulob ɗin motsa jiki muke wannan gaisuwar, ƙarfe takwas na safe, shi da doguwar sandarsa mai raga yana kwashe ganye, ni da akwatin kayan aiki. Kakana ne, mahaifin Umma. Shekara ashirin da shida yana kula da ruwan nan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa shiga ya wuce idon sawu ba, shi ya sa nake ce masa Kada. Shi kuma Sifana yake kirana, wai ni siririya ce kuma bakina kullum a buɗe. Gyaran injinan ruwa nake yi a wata masana'anta, amma a wurinsa har yau ni ce yarinyar nan da ta taɓa cusa cokali a soket.

Sai dai ranar ba gyara kaɗai ya kawo ni ba. Kwana biyu kafin nan Kaka ya tura saƙo a zauren dangi da muke da shi a waya: "Matata tana yoyo. Kwana tara ba ta bar ni na huta ba. A turo mai gyara ya duba kanta, in ba za ta gyaru ba a kawo sabuwa." Kakarmu kuwa shekararta shida a ƙasa. Umma ta karanta, ta nemi wuri ta zauna. Kawu ya fara kwashe tarkacen ɗakin baya na gidansa don ya ɗauko Kaka. Duk mun tuna yayan Kaka, wanda ya fara da barin famfo a buɗe, ya ƙare yana cigiyar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Kamar hakan bai isa ba, manajan kulob ɗin ya kira Kawu. Ya ce sau uku yana tarar da ruwan tafki yana bin magudana, wai Kaka yana manta hannun bawul ɗin da ke juya ruwa a kan zubarwa, gara a zo a lallaɓa shi ya ajiye aiki kafin ƙarshen mako. Da zan fito Umma ta riƙe min hannu ta ce, "Ki duba injin, amma shi za ki duba."

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. A gidanmu kuwa in mutum yana jin tsoro, baki yake ƙarawa.

"Kada, ina matar taka?"

"Wacce?"

"Au, har sun kai a tambaya? Mai yoyon."

"Tana ɗakin inji mana. Ina za ta?"

"Ni dai mata biyu na san ka da su. Ɗaya Allah ya jiƙan ta. Ɗaya ga ta a gabanka da akwatin sifanu, kuma ni ba na yoyo."

"Ke ce ba kya yoyo? Tun da kika shigo ƙofar nan bakinki ya tsaya?" Sai ya dakata, ya jingina sandar da bango. "Tsaya tukuna. Wace mata ake magana?"

Na miƙa masa wayata. Ya nesanta ta da fuskarsa iya tsawon hannu, ya karanta saƙonsa, leɓensa na motsi. Ya sake karantawa.

"Matata! Matatar ruwa! Tankin da ke tace ruwan nan! Duk gidan, da masu digiri da masu tabarau, babu wanda ya iya karatu?"

"Da ka ƙara harafi ɗaya tak, ka ce matatar, da Umma ta ci abinci jiya."

"Harafin ne ya ƙi dannuwa. Wayoyin yanzu an yi su ne don masu yatsu kamar tsinke irinki."

"'In ba za ta gyaru ba a kawo sabuwa.' Kawu har ya fara tambaya ko akwai wata baiwar Allah a unguwarsu mai haƙuri da tsofaffin kaya."

"Kawunki tun yana yaro in aka aike shi gishiri, sukari yake kawowa. Ban yi mamaki ba."

Ya yi dariya, amma gajeriya. Ya miƙo min wayar bai kalle ni ba.

"Wato shi ya sa suka turo ki. Ki duba ni."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ba na taɓa injin da kamfaninsa ya daina yin kayan gyaransa."

"Madalla. Ni ma ba na ba 'yan koyo kaina."

Na durƙusa a bakin tafkin. Ruwan ya sauka ƙasa da layin tayil, ya bar alamar jiƙa a bango.

"Kullum nawa yake sauka?"

"Yatsa huɗu."

"Yatsunka ko na mutane?"

"Nawa. Naki sai goma sha biyu. Kuma sai inji na aiki yake sauka. Ranar Lahadi na kashe shi yini guda, ko rabin yatsa bai ragu ba. Don haka tafkin bai tsage ba, kada ki ɓata min lokaci kina leƙen tayil kamar mai neman ɗan kunne."

Wannan amsar ta ɗan sanyaya min rai, don wanda kansa ya kwance ba ya shirya irin wannan gwajin. Amma ban nuna masa ba, kada ya samu abin faɗa har shekara.

"Wa ya koya maka wannan dabarar?"

"Shekara ashirin na yi ina juya bawul a ma'aikatar ruwa kafin in zo nan. Lokacin uwarki ma hanci take sharewa da riga."

"Zan gaya mata."

"Gaya mata. Rigar tawa ce."

Ɗakin injin yana ƙasa, matakala uku, babu taga, warin maganin ruwa ya cika shi. A tsakiya ga matatar, ƙaton tanki shuɗi cike da yashi, mai ciki kamar randa. A kanta bawul ɗin yake, baƙi, da hannu guda da ake dannawa a juya. Matsaya shida gare shi, kuma Kaka ya bi kowacce ya rubuta sunanta da farin fenti: tacewa, wankin yashi, ɗauraya, zubarwa, zagaye, rufewa. A jikin bututun da ke fitar da ruwan datti akwai ɗan gilashi kamar ƙaramin kofi, wanda ake ganin ruwa ta ciki in yana wucewa. Komai tsaf, ko ƙura babu. Abu ɗaya ne ya tsaya min a ido. Hannun yana kan tacewa, kuma an ɗaure shi da igiya a jikin bututu, ƙulli uku.

"Wannan fa? Guduwa yake yi?"

"Don iska."

"Iska. A ɗakin da ba shi da taga."

"Ke da kika shigo ba iska ba ce?"

Na sake kallon igiyar. Mutumin da ya yi shekaru yana juya bawul da ido rufe, yau shi ne yake ɗaure hannu da igiya don ya tabbatar wa kansa inda ya bar shi. Abin ya taɓa ni sosai, sai na juya ina buɗe akwati don kada ya ga fuskata.

"Faɗa min yadda take yi."

"Manaja ya zo da gudu ya ce ruwa na zuba a waje. In sauko, in danna hannun, in gyara masa zama, sai ya tsaya cak. Shi kuma ya kalle ni kamar ya kama ɓarawo da akuya a kafaɗa."

"Ka same shi a kan zubarwa?"

"A kan tacewa nake samunsa." Ya taɓa ƙullin igiyar. "Ina jin dai a kan tacewa."

"To kunna mu gani. Kada ka taɓa komai sai makunni."

Inji ya ɗauka, allurar agogon da ke nuna ƙarfin ruwa ta hau ta tsaya. Gilashin kuwa a bushe ƙamas.

"Kin gani? A gaban baƙi kunya take ji."

"Ta fi ka tarbiyya. Sa hannunka a aljihu, mu jira."

Muka tsaya muna kallon ɗan gilashi kamar masu kallon talabijin. Minti biyu, minti uku. Na ce bari in yi aikin Umma a fakaice.

"Kada, yau wace rana ce ma?"

"Laraba. Ke kuma ranar Talata aka haife ki, ranar da na fara hawan jini. Saura wace tambaya likita ta rubuto miki?"

"Ni hira nake yi."

"Hira? To mu yi hira. Kina aji uku kika ce wa malaminku na mutu don kada a duba aikin gida. Mutumin nan ya zo ta'aziyya da jakar lemu, ni na buɗe masa ƙofa."

"Ai ka sha lemun."

"Na sha, haƙƙina ne, ni na mutu. Kina aji biyar kika kwance fankar ɗakina, kika mayar, noti huɗu suka ragu, kika ce na ado ne. Har yau in ta juya sai na yi salati. In ci gaba? Ina da na shekarar da kika fara shafa jan baki."

"Ya isa. Abin da ya kamata ka manta ba ka mantawa."

"Ai ke ba a manta ki. Ciwon haƙori ma ba a manta shi."

Muna cikin haka, wajen minti goma sha biyu, sai ga wani siririn ruwa ya leƙo cikin gilashin. Ya yi kamar zai koma, sai ya ƙaru, kafin ka ce me gilashin ya cika, muna jin ruwa na gudu a bututun zubarwa.

"Kaka, ina hannunka?"

"A aljihu."

"Duka biyun?"

"Uku gare ni?"

"Nawa kuma ga su a ƙugu. Igiyarka tana nan da ƙullinta uku. To wa ya juya?"

Ya zaro hannuwansa daga aljihu. Ya matso, ya duƙa, ya kalli hannun a kan tacewa, ya kalli gilashin, ya sake kallon hannun.

"Ke ma kin gani ko?" ya ce a hankali. "Ba ni kaɗai ba?"

"Na gani. Ni da idona na yara, ba irin naka da sai an nesanta masa waya ba. Ciwon a cikin bawul yake. Kashe inji."

Na rufe bututun shiga da na fita, na saki iskar da ke cikin tankin har allura ta kwanta. Na kwance igiyarsa, na ja layi da alƙalami daga murfi zuwa gindin bawul don in mayar da shi yadda yake. Kaka yana tsaye a kaina, numfashinsa a wuyana.

"Ba wannan sifanar ba. Lamba goma."

"Lamba goma ce."

"To riƙon ne ba daidai ba."

"Kada, ka ga bokitin can? Kifa shi ka zauna. In na buƙaci tarihin duniya zan kira ka."

Na sa sifana a noti na farko, sai ya juyo kamar da ma jira yake. Na biyu ma haka. Bawul ɗin da aka ɗaura wata goma sha huɗu da suka wuce, a ɗaki mai danshi, ya kamata notinsa su yi gardama. Waɗannan kuwa sai sheƙi suke yi.

"Wa yake buɗe wannan?"

"Ni."

"Don me?"

"Don kulawa. Kalma ce da 'yan zamaninku ba su sani ba."

Na ɗaga murfin da hannunsa da sifirin ɗinsa, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai dannewa, gaba ɗaya, na ajiye a kan tsumma. Sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Na sake shinshinawa don in tabbatar.

"Kaka, me ya sa bawul ɗin nan yake ƙamshin jariri?"

"Tsabta ce."

A ƙarƙashin murfin akwai wata roba mai kama da ƙafar keke, da'ira da sanduna, wadda aikinta shi ne ta raba hanyoyin ruwa kada na wannan ya shiga na wancan. Ya kamata ta kwanta lif a cikin gurbinta. Wannan kuwa ta kumbura, ta yi laushi kamar burodin da ya kwana a shayi, sanda ɗaya ta fito daga gurbi ta lanƙwashe daidai bakin hanyar zubarwa. Na taɓa ta, yatsana ya fito yana maiƙo.

"Me kake shafa mata?"

Ya tashi da ƙarfinsa, ya miƙa hannu bayan tankin, ya fito da wata ƙatuwar kwalbar basilin da ta kusa ƙarewa. Ya riƙe ta a gabana kamar wanda ya ciyo kofi.

"Mai kyau ne, ba jabu ba. Shi nake shafa wa ƙafata."

"Inna lillahi. Ba ka ga ta kumbura ba?"

"Na ga ta yi ƙiba. Na ce mai ya karɓe ta."

"Mai ya karɓe ta!"

"Da ta zo a rame take kamar ke. Ki ga yanzu yadda ta murmure."

Sai da na zauna a ƙasa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma rabin dariyar ba ta basilin ba ce, nauyin da na shigo da shi ne yake sauka.

"Kada, saurara da kyau, zan yi a hankali saboda shekaru. Basilin daga man fetur ake yin sa. Irin wannan robar shan sa take yi, ta kumbura, gurbinta ya yi mata kaɗan. In inji ya ɗauki ƙarfi, ruwa ya ɗaga gefen da ya fito ya sulale ta ƙasa zuwa magudana. In ka zo ka danna hannu, ka danne ta, ta yi shiru na ɗan lokaci. Shi ke nan abin da ke faruwa. Hannun bai taɓa barin inda ka ajiye shi ba."

"Bai taɓa ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya kalli kwalbar, ya kalli robar. Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Gardama ya shiga nema.

"Shekara ashirin ina ba bawul ɗin ƙarfe giris, babu wanda ya taɓa kai ƙarata."

"Waɗancan sa'anninka ne, duk abin da aka ba su ci suke yi. Wannan 'yar zamani ce, tana da abin da ba ta ci."

"Shi ya sa ba ta da albarka. Abu kaɗan ta kumbura, kamar wata da na sani."

"Akwai sabuwa, ko ita ma ka soya ta?"

"Kwalin da bawul ɗin ya zo a ciki. Sito, kanta ta uku daga ƙasa, bayan gwangwanin farin fenti, cikin leda mai ruwan ƙwai. Ki kula da tsani, ƙafarsa ta hagu gajeriya ce."

Na je. Kanta ta uku, bayan gwangwanin fenti, leda mai ruwan ƙwai, tsani ya kusa kayar da ni ta hagu. A cikin ledar, tare da sabuwar robar, akwai takardar kamfani a naɗe, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba. Na dawo ina kaɗa ta.

"Ga shi nan da manyan baƙaƙe, har da jan layi: kada a shafa man da aka yi da fetur. Ka karanta?"

"Takarda ta masu koyo ce. Ke karanta."

Na ɓanɓare tsohuwar robar, na bi gurbin da tsinke da tsumma har sai da maiƙon ya fita tas, na bar shi ya bushe. Na ɗiga gam kaɗan kaɗan, na kwantar da sabuwar, na bi ta da yatsa sanda bayan sanda. Sannan na fito da ɗan man silikon daga akwatina, wanda aka yi don roba, na lakato kamar ƙwayar wake.

"Shi ke nan? Wannan rowar a wurin wa kika gado?"

"A wurin wanda ya ba ni kyautar biro ranar da na gama makaranta. Biron ma na kulob ɗin nan ne, da sunansu a jiki."

"Ya yi rubutu ko bai yi ba?"

Na mayar da murfi a kan layin da na ja, na ɗaure noti ɗaya nan ɗaya can tsallake, don ya zauna daidai. Muna jiran gam ya kama sai muka ji takalmi a matakala. Manaja ne, saurayi mai ɗamarar wuya, ya shigo yana taka ƙasa a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Ya gaishe ni, sannan ya juya ga Kaka ya sassauta murya yana jan kowace kalma.

"Baba, sannu. An tashi lafiya? Ni ne, Manaja."

"Na gane ka, yallaɓai. Tun kana zuwa koyon iyo da balan-balan a damtse na gane ka. Kai ne mai kuka a matakala ta biyu."

Manaja ya gyara ɗamarar wuyansa, muryarsa ta dawo daidai. Na buɗe bututu, na ce Kaka ya kunna inji. Muka tsaya mu uku muna kallon gilashi. Minti goma, sha biyar, ashirin da biyar. Ko ɗigo. Na ɗauko tsohuwar robar na nuna masa, na yi masa bayanin yadda ruwa ke sulalewa alhali hannu yana kan tacewa, na ce da idona na gani ba wanda ya taɓa.

Ya juya ta a hannu yana yamutsa fuska. "To me ya kumbura ta haka?"

Na riga na tura kwalbar bayan akwatina da ƙafa. Na buɗe baki zan ce roba ce, ranta ne ya ƙare, don a ganina tsoho ya sha isasshen bincike. Ban kai ga furtawa ba.

"Ni ne," in ji Kaka.

"Kaka..."

"Rufe bakin nan, Sifana, manya na magana. Ni ne, yallaɓai. Basilin na shafa mata. Sau goma sha huɗu, ranar ɗaya ga kowane wata, ƙarfe bakwai na safe. Ban tsallake ko ɗaya ba. Har watan da aka cire min haƙori na zo da kumburarren kunci na shafa. Har ranar da ruwan sama ya shigo ɗakin nan, ina tsaye a kan bulo na shafa."

Manaja ya kalle ni, ya kalle shi. "Wato, Baba, laifinka ne kenan?"

"Nawa ne ni kaɗai! Da gangan, da hankalina, da ilimina!"

Tunda nake ban taɓa ganin mutum yana amsa laifi fuskarsa na haske haka ba. Har ƙirji ya turo.

"In za ka rubuta a takardarka," ya ci gaba, "ka rubuta ɓarna. Ka ja layi a ƙasa in kana so. Amma kada ka rubuta mantuwa."

Manaja ya daɗe yana kallon robar. Ba mugu ba ne, tsoron ruwan da ke zuba ne ya sa shi gaggawa, kuma na ga kunya ta kama shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi saurin magana." Ya yi gyaran murya. "Amma don Allah daga yau kada a sake buɗe bawul ɗin nan sai Injiniya tana wurin."

"Wace injiniya? Wannan?"

"Ita. Kuma ranar Asabar akwai gasar yara, ina son ruwan nan ya yi haske."

"Zai yi hasken da za ka ga inda ka yi kuka."

Da takalman Manaja suka gama hawa matakala, Kaka ya koma kan bokitinsa ya zauna. Inji na ta gurnani. Ina mayar da sifanu cikin akwati sai na ji ya kira ni, ba da muryar faɗa ba.

"Sifana."

"Na'am."

"Sau tara na sauko jiya in duba hannun nan. In duba, in hau, ina kaiwa bakin ƙofa sai in ce, anya? In sake saukowa." Ya shafa gwiwarsa. "Yaya ma haka ya fara. Ni na riƙa bin bayansa ina rufe famfo."

"Na sani, Kaka."

"Ban gaya wa kowa ba. Na ce in na faɗa, ya tabbata."

Na ci gaba da jera sifanu a akwati. Tun da na yi wayo ban taɓa yi masa magana a miƙe ba, kuma na san in na fara yau, zai ɗauka da gaske wani abu ya same shi.

"To me za ki gaya wa uwarki?"

"Zan ce na buɗe na duba ko'ina. Babu tsagewa, babu yoyo. Tauri ne kawai, shi kuma da shi aka ƙera kan."

Ya kalle ni, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya miƙa ƙafa ya jawo kwalbar basilin daga bayan akwatina, inda na ɗauka bai ga na ɓoye ta ba, ya ɗora min a hannu.

"Ungo ladanki. Ki riƙa shafa wa bakinki safe da yamma, ko Allah ya sa ya kumbura ya rufu."

"Kada, yanzun nan na gama nuna maka. Abin da ya kumbura ƙara yoyo yake yi."

Dariyar ta ƙwace masa gaba ɗaya, har sai da ya dafa tankin. Ya goge ido da hannun riga, ya ce maganin ruwa ne ya yi yawa a ɗakin, ni kuma na yarda da shi ba musu, karo na farko a rayuwata.

"Kin ci, 'yar banza. Kin ci. Ɗauki kwalbarki ki fitar min daga ɗaki, ina da aiki."

Na ɗauka na fita. Ban taɓa jin daɗin kora kamar ta ranar ba.